Tsakanin Ƙaddara da Sakaci a Bakin Kogin Isa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ruwan sama da na ƙasa suke ƙarƙashin ikonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai kalmar da ke yawaita a bakunanmu duk shekarar da kogin Isa ya tumbatsa ya shigo gidajen Yamai, ita ce cewa haka Allah ya ƙaddara. Kalma ce ta gaskiya, wanda ya musanta ta ya rushe rukuni daga rukunan imani. Sai dai muna jin ta daga bakuna iri biyu. Mutumin da ɗakinsa ya faɗi yana faɗinta don ya lallashi zuciyarsa, wannan haƙuri ne, kuma yana da lada. Wanda aka damƙa wa gyaran ganuwar kogi ya ƙi gyarawa, da wanda ya yanka fili a tsakiyar kwari ya sayar, su ma suna faɗinta, don a daina tambayarsu. Shin waɗannan bakuna daidai suke a wurin Allah?

Kafin mu amsa, ya kamata mu san halin ruwan da muke magana a kansa, domin hukunci ba ya inganta sai da sanin abin da ake yi wa hukuncin. Kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Cikar lokacin sanyi daga duwatsun ƙasar Gini take tasowa, tana tafe a hankali wata da watanni. Wadda ke yi mana ɓarna ita ce jan ruwan damina na watan Agusta da Satumba, wanda gulaben Goruwal da Dargol da Sirba ke kwararo shi daga wajen iyakar Burkina Faso. Tun daga farin shekarun 1970 da 1980 itatuwan wannan yanki suka ragu, daji ya koma fako, ƙasa ta daina shan ruwa. Abin da ya sauka sai ya gangaro gaba ɗaya, ɗauke da rairayi, ya zube cikin kogi, cikinsa kuwa yana ta cikewa. Masana yanayi sun kuma tabbatar da cewa hadari mai tsananin ruwa ya ƙaru a Sahel yayin da duniya ke ƙara ɗumama.

A shekarar 1985 kogin ya tsaya da gudu a Yamai saboda tsananin fari. Jama'ar da suka ga haka, kuma gari yana ta cika da baƙi, sai suka gina a wuraren da kakanni suka bar wa ruwa da shinkafa. Ruwa kuwa ba ya mance hanyarsa. Ya dawo a 2010, ya dawo a 2012, sannan a watan Satumba na 2020 ma'aunin kogin ya kai santimita 700, alhali layin haɗari yana kan 620. Ganuwar Lamorde ta fashe, unguwannin Harobanda suka nutse, gonakin shinkafar Saga suka tafi. A 2024 kusan mutum 400 suka rasu a faɗin ƙasa, ruwa ya yanke hanyar Doso, aka ɗage komawa makaranta har 28 ga Oktoba, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya karɓi shahadarsu. Abin da ya maimaitu haka cikin shekara 15 ba za a ce ya zo mana ba zato ba.

To, yaya magabata suka yi da irin wannan? A shekara ta 17 bayan hijira, zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ambaliya ta shiga Masallacin Harami har ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa. Umar ya taso daga Madina, ya mayar da dutsen inda yake, sannan ya sa aka gina datsiya ta manyan duwatsu a saman Makka don karkatar da ruwa. Mu lura da kyau. Wannan Ɗakin Allah ne, babu wurin da ya fi shi cancantar a ce Ubangijinsa zai tsare shi, amma mutumin da ya fi mu tawakkali nesa ba kusa ba ya ga wajibi ne a ɗauko dutse a jera. Shi ne kuma ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, kuma ya bayyana wa sahabbai cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Ke nan riƙon sababi wani yanki ne na imani da ƙaddara, kuma wanda ya bar shi da gangan ba shi da hujjar fakewa da ita.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa kogi yana da harami, wato gefensa da ba a mallaka, ba a kuma gini a kai, domin haƙƙin jama'a ne. Imam Suyuɗi, wanda ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina, ya wallafa risala guda a kan hana gini a gaɓar kogi. Amma a nan dole mu yi adalci. Talakan da ya gina ɗakin ƙasa a Kirkisoye ko a gefen kwarin Gunti Yena, yawanci ba son ruwa ne ya kai shi ba, kuɗin filin tudu ne ya gagare shi. Bayan ambaliyar 2012 an kai wasu iyalai Seno, wasunsu suka dawo, domin abincinsu yana bakin kogi. Idan muka ɗora masa laifin duka, mun sauke shi daga wuyan wanda ya sayar masa da filin yana sane, da wanda ya sa hannu a takarda. Kuɗin filin da mai shi ya san makwancin ruwa ne, ya ɓoye wa mai saye, algus ne, ko da an yi umra da shi.

Sauran laifin kuma namu ne, mu da ke cika sahu. Dokar hana leda tana nan tun 2014, amma da hannunmu muke zuba shara a magudanar ruwa, wani ma da dare idan hadari ya taso, don ruwa ya kai ta ƙofar maƙwabci. Mun san kawar da ƙaya daga hanya sadaka ce, yaya zai kasance ga wanda ya toshe hanyar ruwan unguwa guda? Kuma abin mamaki, idan aka yi shelar ƙara wa masallaci hasumiya ko sauya shimfiɗu, kafin Juma'a biyu kuɗi sun taru, amma idan aka kira gayyar yashe lambatu sai a ce aikin magajin gari ne. Gaskiya ne manyan ayyuka na hukuma ne. Madatsar Kandaji da aka aza tubalinta a 2008 ba aikin kwamitin masallaci ba ce, haka nan ɗaga ganuwa da yashe cikin kogi, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tambayar shugabanni a kansu cikin ladabi ba tare da gajiya ba. Amma tsare rayuka farilla ce ta kifaya, idan babu wanda ya tsaya da ita, zunubin yana kan duk mai iko gwargwadon ikonsa. Magudanar da ta hana ɗakin gwauruwa faɗuwa sadaka ce mai gudana kamar rijiya.

Wani abu kuma yana hannunmu tun yau. Hukumar kula da kogin da cibiyar Agrimet duk a Yamai suke, kuma ana sanar da hawan ruwa kwanaki kafin ya iso. Labarin yakan tsaya a rediyo da takardun Faransanci, alhali babu unguwar da ba ta da amsa-kuwwa a kan masallaci. Ya kamata kowane liman na unguwannin bakin kogi ya sa mutum guda mai bibiyar ma'auni daga watan Yuli, a san tsofaffi da marasa lafiyan da za a fara fitarwa, a san gidan da zai sauke su a kan tudu, a tanadi buhunan rairayi kuma a duba ɓarakar ganuwa tun cikin bazara, lokacin da ake iya taka ƙasanta da ƙafa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.