Addini ko al'ada? Tambaya daga Masalata

Kowace shekara Aznan Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, sukan taru domin yin arwa, inda dattawansu ke duba abin da shekara za ta zo da shi: damina, amfanin gona, lafiya ko annoba. Jama'a na zuwa kallo, akasarinsu Musulmi. Idan aka tambayi mai kallo abin da ake yi, amsarsa ba ta wuce cewa al'ada ce kawai. Wannan "kawai" ita ce abin dubawa.

Babu mai faɗin haka game da Kirsimeti. A Galmi, cikin gundumar Malbaza, inda mishan ta buɗe asibiti a 1950, Kirista na yin sallarsu, maƙwabci kuma ya san ibada ce, ko da bai yarda da ita ba. Kiristanci yana da littafi, da ɗakin sujada, da ranar hutu a kalandar gwamnati. Bazne ba ya da ko ɗaya, sai abin da ya gada daga bakin kakanni.

Indiya, wadda matasanmu suka sani ta finafinai, tana da irin wannan matsala. Ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 80 cikin ɗari ƴan Hindu ne, kashi 14 Musulmi, sannan Kirista, da Sikh, da mabiya Buda, da Jain. Duk suna da gurbi a takardar ƙidaya. Amma ƙabilun jihar Jharkhand masu bin addinin Sarna, waɗanda ke bikin Sarhul lokacin da itacen sal ya yi fure, an tura su cikin "sauran addinai". A 2020 majalisar jihar ta nemi a ba su nasu gurbi. Ba a hana su biki ba. Suna ne suke nema.

Akwai hujja ga masu cewa al'ada. Kalmar rumfa ce: a ƙarƙashinta Musulmi ke tsayawa kallo ba tare da ya ji imaninsa ya taɓu ba, Bazne kuma ya yi hidimarsa ba tsangwama. Wanda ya tuna majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015 ba zai raina abin da ke kawo zaman lafiya ba.

Sai dai rumfar tana da farashi, kuma Bazne kaɗai ke biya. An karɓi bikinsa bisa sharaɗin a ɗauke shi wasa. Dattijon da ya yi yanka da zuciya ɗaya ya koma abin ɗaukar hoto, jikansa kuma ya koyo a lakkol cewa abin da kakan ya yi imani da shi kayan tarihi ne. Ƙin yarda da addinin mutum haƙƙin kowa ne. Musanta cewa yana da addini wani abu ne dabam, kuma shi malami ke yi, galibi ba da gangan ba, duk ranar da ya rubuta arwa a allo tsakanin kokawa da dambe.