Yaron da ke Hannunka Bai Manta da Gidansu Ba

Ya ɗan'uwana mai karatu, ko akwai ɗan riƙo a gidanka? Ko ya taɓa dubanka ya ce, "Ai kai ba ubana ba ne"? In haka ta faru, na san zafin da ka ji. Ka ci da shi, ka tufatar da shi, ka kwana a zaune ran da zazzaɓi ya kama shi, ga shi kuwa zuciyarsa tana wani gida dabam. Zauna in ba ka labarin gidanmu, sa'an nan mu duba abin da Maganar Allah ta koya mana.

Unguwarmu ta Lazaret a Yamai, yau gidaje ne da shaguna ko'ina. Dā ba haka take ba. A lokacin babban farin nan na 1973 da 1974, fili ne a bayan gari inda aka tara dubban mutanen da dabbobinsu suka ƙare, yawancinsu Buzaye daga Mali da arewacin Nijar. Yunwa da ƙyanda suka kwashe yara da manya. A cikin watan Afrilu na 1974 ne Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori Hamani, maganar yunwa kuwa tana cikin dalilan da sojoji suka bayar. Ni ina da shekara biyar. Wata rana da yamma mahaifina ya komo gida riƙe da hannun wani yaro wanda ya girme ni da kamar shekara biyu. An binne uwarsa a sansanin, ba wanda ya san inda ubansa ya nufa. Baba ya ce mana, "Ga wanku."

Mahaifina mai tsoron Allah ne, ya ƙaunaci yaron nan ƙwarai. Amma ya yi kuskure guda. Ya sa masa sabon suna, ya hana shi Buzanci, in yaron ya tā da maganar raƙumansu sai a ce masa, "Bar tuna baya, yanzu nan ne gidanku." Baba yana tsammani ta haka raunin zai warke. Ɗaki ɗaya muke kwana, ni na san bai warke ba. Da dare sai in ji shi yana ƙus-ƙus a ƙarƙashin mayafi, yana kiran "anna", wato inna da harshensu, yana lissafa sunayen ƙannensa don kada su ɓace masa. Da rana yana murmushi, yana haddace ayoyi tare da mu a makarantar mishan. Ashe mun koya masa ya ɓoye mana zuciyarsa.

Ka buɗe Littafin Farawa sura 41, aya 51. Yusufu ya sami girma a Masar, ya yi aure, ya sa wa ɗansa na fari suna Manassa, domin a ganinsa Allah ya mantar da shi wahalarsa da gidan ubansa. Amma ka ci gaba zuwa sura 43. Da ya ɗaga ido ya ga Biliyaminu, ɗan uwarsa, sai ya gaggauta ya shiga ɗaki ya yi ta kuka. Mutumin da ke mulkin Masar duka ke nan, bayan shekara fiye da 20. To, ina ga yaro ɗan shekara bakwai? Allah bai tsauta wa Yusufu saboda hawayen nan ba. Da su ne ma ya ceci gidan Yakubu daga yunwa.

Haka kuma Musa. 'Yar Fir'auna ta tsamo shi daga kogi, ita ta raɗa masa suna, a fāda ya yi karatu. Duk da haka Allah ya shirya uwarsa ta haihuwa ce ta shayar da shi, ya kuma tashi da sanin ko su wane ne danginsa. Esta ma marainiya ce, Mordekai ya ɗauke ta kamar 'yarsa. Littafi Mai Tsarki bai jefar da sunanta na fari ba, ya rubuta mana shi, Hadassa. Ran da masifa ta taso, mai riƙonta da kansa ne ya tuna mata da mutanenta.

Na san abin da ke ranka, gama shi ne ya kasance a ran mahaifina. Tsoro ne. Kana cewa, in na bar shi yana tuna su, wata rana zai tafi. In danginsa ba masu bi ba ne, zai bar bangaskiya, wahalata ta zama banza. Ɗan'uwana, bari in faɗa maka gaskiya. Yaron nan ba ladan wahalarka ba ne, amana ce Ubangiji ya damƙa maka. Ko 'ya'yan cikinka ma ba za ka iya ba su sabuwar haihuwa ba, wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Naka shi ne ka koya masa Maganar, ka yi masa addu'a, ya kuma ga Almasihu a cikin zamanka. Yaya zai gaskata kana bauta wa Allah na gaskiya, in kai da kanka ka ɓoye masa gaskiyar asalinsa?

Ka tuna kai ma ɗan riƙo ne. Manzo Bulus ya nuna mana a Romawa 8:15 da Galatiyawa 4:5 cewa ba mu da gādo a gidan Allah bisa ga haihuwa. Zunubi ya maishe mu bare. Yesu Almasihu ya fanshe mu da jininsa, aka karɓe mu, har muna kiran Allah Abba. Sau nawa ka juya masa baya, ka yi kamar ba shi ne Ubanka ba? Ya kore ka? Saboda haka ran da yaron ya ce kai ba ubansa ba ne, kada ka fara lissafa masa tuwon da ya ci. Kada matarka ta ce masa tsintacce, ko da wasa, kada kuma 'ya'yanku su ji ana bambanta su a wajen rabon nama ko ɗinkin Kirsimeti. Ka amsa masa a hankali, "Gaskiya ne, ba ni na haife ka ba. Amma kai ɗana ne, ba inda za ni." Watakila yana gwada ƙofar ne, ya ga ko za a rufe masa ita.

Yau ma irin yaran nan suna shigowa Yamai, waɗansu daga ƙauyukan jihar Tillaberi inda 'yan bindiga suka kori mutane. In ɗaya ya zo hannunka, kada ka riƙe shi a ɓoye. Ka sanar da hukuma, ka nemi danginsa. Ƙungiyar Croix-Rouge tana da aikin haɗa waɗanda suka rabu da iyalinsu. In an same su, kuma komawa ce ta fi masa alheri, ka kai shi da hannunka ko da kana kuka. In ba a same su ba, ka bar masa sunansa da harshensa. Ka sayi littafi ka rubuta dukan abin da ya tuna, sunan ƙauye, sunan kaka, rijiyar da suke ɗiban ruwa, tun bai shuɗe masa ba. Ku riƙa ambaton iyayensa a cikin addu'ar dare.

Wana yana da shekara 19 ya fita ba sallama, ya nufi Gawo neman ubansa. Shekara uku ba mu ji ɗuriyarsa ba. Bai sami uban ba, ƙanwar uwarsa ya samu, ta tsufa. Ran da ya komo, mahaifina ya tashi da sandarsa ya tarye shi a bakin ƙofa, ya kira shi da sunan da uwarsa ta sa masa, ya ce, "Ka gafarta mini, ɗana." Ban taɓa ganin Baba yana roƙon gafarar yaro ba sai ran nan. Daren nan suka zauna a tabarma ɗaya, wana ya dafa shayi irin na mutanensu, ya faɗa masa sunayen ƙannensa huɗu, Baba yana maimaitawa har ya iya. Bayan shekara biyu wana ya nemi baftisma da kansa. Shi ne kuma ya yi jinyar Baba har ya rufe masa ido.