Baƙo A Ɗakin Sujada

Ya ku 'yan makaranta, me ke sabunta bangaskiya, yawan addu'a ko kyakkyawar maraba? Mu dai a ganinmu ɗaya ba ta tsayuwa sai da ɗaya.

A 1963 babban taron Batikan na biyu ya yarda a yi Misa da harshen jama'a, don kowa ya ji. A 1968 kuwa ruwan Kainji ya ci tsibirai da garuruwa, Gungawa da maƙwabtansu suka ɗanɗana baƙunci. To, 'yan Katolikan Yauri da Ngaski da Shanga bai kamata su mance zafinsa ba.

Ku dubi masunci ko manomi da ya fara leƙowa majami'a. Bai iya karatu ba, bai san lokacin durƙusawa ba. In muka yi masa dariya don mun san boko, ya tafi ke nan, wa'azin Fada ba ya komo da shi. In kuwa muka matsa masa a benci, muka fassara masa addu'a da harshensa, mu ma sai mu ji ta sabuwa, gama mai bayyana magana shi ke fara gane ta.

Saboda haka ran Lahadi mu riga baƙo gaisuwa tun daga bakin ƙofa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.