Ina Iyakar Murna da Sharholiya?

Karatu: Galatiyawa 5:19-23

Ƙaunatattu, kaka ta yi a Bakori. Masara da waken suya suna fita zuwa kasuwar Funtua, kuɗi sun shigo hannu, ga bukukuwan aure da Kirsimeti a gaba. Shin mai bi zai iya yin kiɗa da rawa ba tare da ya yi zunubi ba?

A cikin ayyukan jiki da Manzo Bulus ya lissafa akwai wata kalma ta Helenanci, komos. Tana nufin taron mashaya da ke yawo a titi da dare, da kiɗa da ihu, sau da yawa don girmama Diyonisus, gunkin ruwan inabi. Sau uku ta bayyana a Sabon Alkawari: Romawa 13:13, Galatiyawa 5:21 da 1 Bitrus 4:3. Fassarar Turanci ta Sarki James, ta 1611, ta kira ta revellings a wurare biyu na ƙarshe. Tushen wannan kalma a Latin ɗaya ne da na kalmar tawaye. Mu kuwa sharholiya muke cewa: murnar da ta tsinke linzami.

Allah bai hana murna ba. Dauda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari. Yesu kansa ya halarci bikin aure a Kana. Amma Isra'ilawa ma rawa suka yi a gaban ɗan maraƙin zinariya, aka hallaka mutum wajen 3,000 a ranar. Ashe ba ƙarar ganga ce ma'auni ba, sai dai wanda ake yi wa rawar.

Saboda haka, ɗan'uwa, auna bikinka da wayewar gari. Idan manomi ya ƙarar da kuɗin buhu goma a gidan burkutu cikin mako guda, ga bashin taki bai biya ba, ga kuɗin makarantar yara a Janairu, matarsa ce da 'ya'yansa suka biya kuɗin wannan shagali da yunwarsu. Farin ciki da kamunkai suna cikin albarkar Ruhu guda. Inda ka ga an kori ɗaya, ɗayan ma ba zai daɗe ba.

Ka yanka kaza, ka kira maƙwabta da gwauraye, ka buga ganga. Amma ka tashi da safe kana iya duban fuskar iyalinka, kana iya durƙusawa gaban Ubangiji.

Addu'a: Ya Ruhu Mai Tsarki, ka cika ni da farin cikin da ba ya barin kunya a baya, cikin sunan Yesu. Amin.