Zanen Na Wa Ne?

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani ya ɗaura bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya da laka da azara, awonsa kuwa yana cikin idonsa da hannunsa. A 1963 Ivan Sutherland ya nuna a Amurka cewa kwamfuta na iya miƙe layin da hannu ya karkatar. Yau saurayi a Makarfi ko Kudan sai ya fitar da taswirar gida kafin shayi ya huce.

To, ya kai mai karatu, zanen na wa ne? Ni dai ina ganin na mutum ne, domin awo kawai na'ura ta karɓa. Ranar da soro ya rufta da mutane a ciki, magini dangi za su nema.