Babban Yatsa Na Roba: Jayayya Da Ƙaddara Ce?

Akwai wani abokina da muke aikin dare tare a wata masana'anta a nan Ingila, wanda inji ya datse wa babban yatsan hannun dama. Likitoci sun ba shi zaɓi: ko a yi masa na roba mai kama da fata, ko a ciro yatsan ƙafarsa a dasa masa. Sai ya tambaye ni, "Malam, anya wannan ba jayayya da ƙaddara ba ce?"

Ba ƙaramin rashi ya yi ba. Likitocin hannu suna ƙiyasta babban yatsa da kashi 40 cikin 100 na amfanin hannu, domin shi kaɗai ke iya fuskantar sauran huɗun. In babu shi, riƙe biro, sanya maɓallin riga, har yankar lomar tuwo, duk sai sun zama aiki. Tun 1968 wani likitan Ingila, John Cobbett, ya yi nasarar dasa yatsan ƙafa a gurbinsa. Dasashshen yana motsi kuma yana jin taɓi, amma ƙafa ce ke biyan bashin. Na roba kuwa ba ya ji, tokara kawai yake yi, sai kuma rufin asiri.

A ganina ba jayayya ba ce. Sahabi Arfaja bin As'ad ya rasa hancinsa a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinare. Mayar da abin da aka rasa gyara ne, ba canza halitta ba. Wanda ya ƙaddara rashin, Shi ya ƙaddara maganin.

Abin da ya dame ni daban ne. Abokina ya zaɓi na roba, ba don ya fi amfani ba, sai don ya gaji da yadda muke kallon hannunsa in ya miƙo mana a gaisa. Mu ne muke kiran mutum da sunan abin da ya rasa, mu manta da sunansa na yanka. Likita ya yi nasa. Saura namu idon.