Ɗan Tsuntsun Da Ya Faɗo Daga Sheƙa

A karanta Kubawar Shari'a 22:6-7 da Luka 12:6.

Ya 'yan'uwa cikin Almasihu, a ƙasar Ɗambatta da Bichi da Kunci gona tana manne da gona, daji kuwa ya ƙare. Domin wannan tsuntsaye suna yin sheƙa a kan kuka da tsamiya da gawo na ƙofar gidajenmu. Sa'anda iskar farkon damina ta taso, 'ya'yansu sukan faɗo ƙasa, yaranmu kuma su ne na fari da za su tsince su. Me muka koya wa yaran nan su yi?

Shari'ar Musa ba ta raina wannan zance ba. Ta hana mutum ya haɗa uwa da 'ya'yanta ya kwashe daga sheƙa, har ta ɗaura alkawarin tsawon rai a kan wannan ƙaramar doka. Ubangijinmu Yesu kuma ya yi misali da gwara, tsuntsun da ba shi da daraja a kasuwa, ya nuna Allah bai manta da ko ɗaya ba. Abin da Allah yake tunawa da shi, mu wane ne da za mu ba yaro ya ɗaura masa zare a ƙafa?

Amma jinƙai yana bukatar sani. Idan ɗan tsuntsu ba shi da gashi tukuna, a mayar da shi cikin sheƙarsa. Zancen da akan yi cewa uwa za ta ƙi shi saboda warin hannun mutum ba gaskiya ba ne. Idan kuwa ya yi gashi yana tsalle a ƙasa, koyon tashi yake yi, iyayensa suna kusa. A kori kyanwa da kare, a bar shi.

Wanda ya ji rauni, ko wanda uwarsa ta mutu, a sa shi cikin kwando da tsumma, a rufe, a ajiye inda babu hayaniya. Kada a ɗura masa ruwa a baki, gama yakan shiga huhu ya kashe shi. Kada a ba shi madara. Kowane iri da abincinsa: shamuwa fara da kwaɗi, mujiya nama, kurciya gero. Idan fiffike ya karye, a kai wa malamin dabbobi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. Idan kuma aka ga tsuntsaye da yawa suna mutuwa wuri ɗaya, kada a taɓa su, a sanar da hukuma, gama murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya tun shekara ta 2006.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da wannan? Shamuwa takan zo mana daga kudancin Afirka da bisharar ruwa, tana cinye fara da tsutsa a gonakinmu. Mujiyar da ake jifa saboda camfi ita ce take kama ɓerayen rumbu da dare. Ku dubi ungulu kuma. Dā ba a rasa ta a mahauta, yau sai a yi shekara ba a gan ta ba, saboda guba da masu neman kanta domin tsafi. A shekara ta 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa a duniya. Mai bi ba shi da rabo cikin wannan ciniki.

Ga abu mafi wuya. Ranar da tsuntsun ya warke, sai a kai shi inda aka tsince shi, a buɗe hannu, ya tashi. Yaro zai yi kuka, gama ya saba da shi. A nan uba zai koya masa cewa tsuntsun na Allah ne, amana aka ba mu ta 'yan kwanaki. Haka Mai Cetonmu ya same mu a karye, ya ɗaure raunukanmu, ya ba mu 'yanci. Yaron da ya koyi tausayin abin da ba ya iya yi masa godiya, ba zai taurare zuciya ga maraya da gwauruwa ba sa'anda ya girma.

Iyaye da malaman makarantar Lahadi, ku yi wa yaranku wannan magana kafin ruwan fari ya sauka. Allah ya ba mu zuciya irin tasa. Amin.